“Daji ba ya son allura”: maganar da ke kai matanmu kushewa

 Yau maganar ba mai daɗi ba ce, amma mun gaji da yin shiru.

Kwanan baya mun je gaisuwar rasuwa a wani ƙauye nan kusa da mu. Mace ce mai ɗiya biyar, ba ta kai shekara arba'in ba. Kaka biyu da suka wuce ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta na hagu, bai fi ƙwayar aya ba, kuma ba ya ciwo. Ta nuna ma uwar mijinta. Tsohuwa ta taɓa, ta ce wannan daji ne, kada a kuskura a kai ta likita, daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe da turare. Aka yi sakiya. Aka sayar da akuya, aka sayar da buhun aya, aka kai ma mai magani. Ƙullutun ya zama kamar ƙwan kaza, daga baya ya fashe, ya fara wari har ɗiyanta ba su iya zama ɗakin. Sai a lokacin aka ɗora ta amalanke zuwa bakin kwalta, aka nufi Maraɗi. Ba ta yi wata ɗaya ba Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari.

A wurin zaman makokin wani dattijo ya girgiza kai ya ce: “Ai mun faɗa. Tana nan tana lallaɓawa, suna tsira mata allura ta tafi.” Jama'a suka ce haka ne. Mu ma muna zaune, muka yi shiru don kunyar furfura. Wannan shirun ne ya hana mu barci, shi ya sa muka rubuta wannan.

Baba, da girmanka da komai, ba allura ta kashe ta ba. Kwana ya ƙare, wannan mun yarda. Amma sanadi shi ne wata ashirin da ciwon ya yi yana cin jikinta, mu kuma muna shafa mishi toka.

Mu tsaya mu duba dalilin da ya sa maganar ke kama da gaskiya, don ba wawaye ne suka ƙirƙiro ta ba. Dalili na farko, sunan daji a bakinmu buhu ne da muke zuba komai a ciki. Maruru daji, kumburin nono na mai shayarwa daji, gyambon mai ciwon suga daji, ƙurjin da ya yi ruwa daji. Da yawa daga cikin waɗannan suna fashewa su warke da kansu. In mai magani ya shafa garinsa aka dace, sai a ce wane ya warkar da daji, labari ya zagaye kasuwa. Alhali abin da ya warke ba sankara ba ce tun farko. Sankara ta gaske, wadda likitoci ke kira kansa, ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu suke rikicewa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, su ci naman da ke kusa, daga baya su bi jini da jijiyoyin kaluluwa su sauka a hanta, huhu ko ƙashi. Garin da aka shafa a fata ba ya bin su can.

Dalili na biyu, ba mu kai mara lafiya likita sai mun gama yawo, sai ciwon ya riga ya watsu. Ya mutu a gadon asibiti, mu ce allura ce. Kamar mutum ne rumbunsa ya kama wuta, ya ƙi kiran maƙwabta sai da hatsi ya zama toka, sannan ya ce ruwan da suka watsa ne ya ƙone mishi hatsi. Kowace gawa da muka kai a makare tana ƙara ma maganar ƙarfi, maganar kuma tana sa na gaba ya makara. Haka muke ta zagaye.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka samu da sankarar nono, sama da 90 suna raye bayan shekara 5. Da me ake musu magani can? Da allura, da wuƙar tiyata, da ƙarin ruwa, da na'ura. Ƙarfe ne tun daga farko har ƙarshe. In da daji ba ya son ƙarfe, da su ne za su fara ƙarewa. Abin da suka fi mu shi ne suna zuwa da wuri, kuma maganin yana kusa da su. Ita ma allurar da ake tsoro, ta ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji, ita ce hanyar da ke tabbatar da sankara ce ko ba ita ba. Mafi yawan ƙullutun nono ma ba sankara ba ne. Mace nawa ke kwana da fargaba shekara da shekaru a kan abin da gwaji ɗaya zai kwantar mata da hankali?

Yanzu ga masu cin abinci da wannan maganar. Ba da kowane mai maganin gargajiya muke ba. Akwai masu tsoron Allah da in sun ga abin ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi likita, waɗannan Allah Ya saka musu. Da waɗancan muke, masu lasifika a kan mota ranar kasuwa, masu sautin murya a WhatsApp, masu kwalba ɗaya da ke maganin daji da basir da suga da sanyin mata da ƙarfin maza. Su ne ke cewa “in kika bari aka taɓa ki da ƙarfe, ba ruwana”. Ku lura da wayon: in ta mutu a gida, kwana ne ya ƙare, in ta mutu a likita, allura ce. Shi ba ya taɓa yin laifi, kuma akuyar ba ta dawowa. Muna kira ga gidajen rediyo da masu shafuka da ke karɓar kuɗin tallar irin waɗannan: ku ji tsoron Allah, kuɗin da kuke karɓa na marayu ne.

Sai mu maza. Mace a garuruwanmu ba ta zuwa Maraɗi sai da izinin miji da kuɗin mota daga aljihunsa. Sau nawa take faɗa a ce mata “bari a cire amfanin gona”, in an cire a ce “bari a gama biki”? Wani kuma da ya ji za a cire nono sai ya ce shi bai yarda ba. Malam, nono kake aure ko uwar ɗiyanka? Akwai waɗanda aka yi ma aikin suka warke, suka dawo gida suka tarar an ware musu kwano da moɗa, ko an miƙa musu takarda. Sankara ba a ɗaukar ta ta kwano, ba a ɗaukar ta ta gaisawa ko wankin tufafi ko kwana ɗaki ɗaya. Ba sammun kishiya ba ne, ba alhakin wani ba ne. Gidaje nawa aka raba da zargin kishiya a kan ciwon da ke kama mata har a ƙasashen da ba a san kishiya ba? Addu'a kuwa a yi ta, mu ma muna yi. Malamanmu sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'ar a cikin motar Maraɗi.

Za a ce mana: ku kuna magana ne kawai, talaka ina ya ga kuɗin likita? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma a nan ne muke juyowa ga hukuma, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai lasifika yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar akuya, yana karɓar bashi. Likita kuwa tana nesa kuma tana son kuɗi hannu.

Tun shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta fitar da doka cewa maganin sankarar mata, ta nono da ta mahaifa, kyauta ne a asibitocin gwamnati, bayan ta sanya fiɗar haihuwa kyauta a 2005, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Mu tambayi kanmu, mace nawa a ƙauyukan Cadawa ta taɓa jin wannan doka? Kuma sanin kowa ne tsarin kyautar ya daɗe yana fama da jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu daga baitulmali, abin da ke sa magani ya yanke, a rubuta ma mutum takarda ya je farmasi ya saya. Daga 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Mun yaba. Amma kyauta da ragi ba su biyan kuɗin mota, ba su ciyar da mai jinya, ba su ba da wurin kwana.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, CNLC. A shekarar 2021 ne aka buɗe sashenta na radiyoterapi, wato ƙone ciwon da hasken na'ura, na farko a tarihin ƙasar, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ci gaba ne babba, don kafin nan sai mai hali ko mai hanya ke fita waje. Amma daga Cadawa zuwa Yamai kusan kilomita 700 ne, kuma wannan magani ba na yini ɗaya ba ne, makonni ake yi ana zuwa kusan kullum. Jihar Maraɗi na cikin jihohin da suka fi yawan jama'a a ƙasar nan. Muna da babban asibitin jiha, muna da asibitin ƙwararru na Referans, muna da cibiyar uwa da yaro, muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke horar da likitoci. Abin da muke nema ba a sama yake ba. A riƙa binciken bakin mahaifa da duba nono a kowace CSI ranar awon ciki da ranar rigakafi, ba sai watan Oktoba an sa riguna masu ruwan hoda an ɗauki hoto a birni ba. A sa sakamakon gwajin nama ya riƙa dawowa da wuri. Hukumar lafiya ta duniya ta ce bai kamata a wuce kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa likita zuwa ranar da aka tabbatar da abin da ke damunta ba. A liƙa dokar 2007 da Hausa a ƙofar kowace likita, a karanta ta a rediyo. A kawo maganin kashe zafi mai ƙarfi kusa da jama'a. Kuma a fara shirin na'urar radiyoterapi a Maraɗi, don ta ɗauke ma mutanen Damagaram da Tawa ma rabin tafiya.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannunmu. A riƙe waɗannan alamu, duk wanda ya ga ɗaya ya je likita a cikin makon, ko da ba ya jin ciwo, don sankara a farkonta sau da yawa ba ta ciwo.

Ga mata: ƙullutu a nono ko a hammata; kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini; fatar nono ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu. Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa. Uwa ko yaya, ki riƙa taɓa nononki sau ɗaya a wata, ƴan kwanaki bayan kin yi wanka, don ki san yadda yake, ki gane in wani abu ya sake.

Ga maza: fitsari da kyar ko yawan tashi da dare ga wanda ya manyanta, jini a fitsari ko a bayan gida, kumburin ciki ta dama tare da rama da idanu su yi ɗorawa. Namiji ma yana samun sankarar nono, ko da yake ba ta da yawa.

Ga yara: kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke girma cikin ƴan makonni, ko fari a tsakiyar ƙwayar ido da ke ƙyalli kamar idon mage in haske ya doke shi. Wasu daga cikin sankarar yara suna jin magani sosai in an zo da wuri.

Ga kowa: gyambon da ya ƙi warkewa, tari ko dishewar murya da ta wuce mako uku, wahalar haɗiya, rama ba dalili.

A fara da CSI mafi kusa. A gaya ma majo ko ungozomar likita gaskiyar ranar da abin ya fara da duk abin da aka sha ko aka shafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mace na da damar ta nemi mace ta duba ta. In an ba da magani ƙullutun bai tafi ba, kada a sake zama, a koma a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma ko Maraɗi. Kada a bari kowa ya tsaga ƙullutu a gida, ko wanzami ko mai allurar unguwa. In an yi aiki an cire wani abu, a tambaya ko an aika shi gwaji, kuma a koma a karɓi sakamakon. Mutane da yawa na ganin an cire an ɗinke sai su ce an gama, alhali sakamakon ne ke faɗin ko akwai sauran magani.

A sami jakar leda ɗaya a riƙa tara komai: karne, takardun gwaji, hotuna, takardun magani, rasit. A ɗauki hotonsu a salula. A tafi da mutum ɗaya mai natsuwa, in da hali mai jin Faransanci, wanda zai riƙe bayani. A tambayi likita kai tsaye: wace iri ce, ta kai wane mataki, wane magani za a yi, sau nawa, me ke cikin kyauta, me za mu saya, yaushe za mu dawo? Tambaya ba rashin kunya ba ce. A manyan asibitoci akwai ofishin taimakon marasa ƙarfi, a neme shi, a tambayi takardun da ake buƙata daga komin tun kafin a yi nisa. Masu tunanin ƙetarawa Katsina, Kano ko Shika ta Zariya su sani can da kuɗinsu za su yi komai, kuma su tafi da takardunsu duka don kada a sake gwaji daga farko.

In an fara shimiyo, wato maganin da ake sawa ta ƙarin ruwa, gashi na iya zubewa, a yi amai, jiki ya mutu, farce ya yi baƙi. A nan ne ƴan gaisuwa ke cewa “kun gani ko, daji ya ji allura”. Aikin maganin ne, kuma gashi na dawowa bayan an gama. Babban haɗari shi ne a yi zagaye biyu, a ga ƙullutu ya ragu ko kuɗi sun ƙare, a tsaya. Ciwon na dawowa da ƙarfinsa. In zazzaɓi ya kama mai shan shimiyo, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe, don maganin na rage garkuwar jiki. Kada a haɗa da jiƙo ba tare da an gaya ma likita ba, hanta da ƙoda ba su iya ɗaukar kaya biyu.

In kuma likita ya ce ciwon ya wuce warkewa, kulawa ba ta ƙare ba. Akwai maganin zafi, har da morfin, kuma ba laifi ba ne a nema. A wanke gyambo, a sauya ƙyalle, a juya mara lafiya a shimfiɗa, a zauna a yi hira da shi. Kada a kai shi ɗakin bayan gida a rufe. Wanda ya yi mana noma da daka shekara talatin bai cancanci ya ƙare shi kaɗai ba.

Akwai kuma abin da za mu tare tun bai zo ba. Sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, kuma tana da rigakafi da ake yi ma ƴan mata daga shekara 9 zuwa 14. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sa shi cikin rigakafin ƙasa tun Oktoban 2023. Duk ranar da aka zo da shi garinku, kada a ɓoye ɗiya a ce na hana haihuwa ne, mahaifar yake karewa. Mace daga shekara 30 ta nemi a duba mata bakin mahaifa ko tana jin lafiya lau. In an ga alamar farko ana kashe ta tun ba ta zama sankara ba. Sankarar hanta kuwa, manyan masu kawo ta a ƙasashenmu su ne ciwon hanta nau'in B da gubar fumfuna da ke cikin gujiya da masara da suka sha danshi. Mu masu noman gujiya ne: a shanya ta bushe sosai, a tsince ruɓaɓɓiya a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don kada a yi asara. A kammala ma jarirai rigakafinsu, akwai na ciwon hanta a ciki. Yaron da ke fitsarin jini bayan wankan tabki tsargiya ce, a yi mata magani, don in ta daɗe tana iya kawo sankarar mafitsara. Taba kuma, ta sha da ta lanƙwasawa a baki, kowa ya san inda take kaiwa.

Saura maganar aljihu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun iya haɗa kuɗin biki, mun iya anko, mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin sadakar uku da ta bakwai bayan mutum ya mutu. Me ya hana mu haɗa kuɗin motar da za ta kai shi likita yana da rai? Kowace ƙungiyar mata ta ware wani abu a asusunta don jinya. Kowane masallacin Juma'a ya sa mutum biyu amintattu su riƙe asusun marasa lafiya, a riƙa karanta shiga da fita a bainar jama'a. Masu fitar da zakkar hatsi da aya, da Alhazan Maraɗi, ku tuna da mai shimiyo da ya tsaya a zagaye na uku don rashin kuɗi. Ƴan Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Rumji mazauna Yamai, ɗaki ɗaya da tabarma da tuwon dare ga mai zuwa radiyoterapi ya fi ku aiko da kuɗin likkafani. Samari, ku ba da jini in an nema, ku yi gayya a gonar wanda ke jinyar matarsa. Waɗanda Allah Ya ba lafiya bayan an yi musu aiki, in kun iya, ku fito ku yi magana a wurin suna da biki. Mace ɗaya da ta ce “ni an cire min, ga ni ina daka” ta fi duk rubutunmu.

Mun san yawancin waɗanda maganar ta shafa ba su Facebook. Don haka wanda ya karanta ya karanta ma innarsa da matarsa, wanda ya iya ya ɗauke ta da murya ya tura a zaurukan WhatsApp na garinsu. Mu kuma mun ɗauki alkawari: duk inda muka sake jin an ce daji ba ya son allura, ko a zaman makoki ne, ko mai furfura ne ya faɗa, za mu gaishe shi da ladabi mu ce ba haka ba ne, mu tambaya wa ke da ƙullutu a gidan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba masu jinya haƙuri da abin hannu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku faɗa mana a ƙasa yadda abin yake a garuruwanku, amma don Allah kada a sa sunan mara lafiya ko hotonsa.